Gwangwanin Madara

Tankin siminti ne, tsawon tabarma biyu.
Da kuɗin albasa na gina shi
bayan madafi, a ƙauyenmu na gefen Auyo.
Tarwaɗa ɗari huɗu na zuba,
'yan mitsi-mitsi kamar yatsun jariri,
daga Haɗejiya, a jarka mai yankakken wuya.

Baba Jatau, mai shekara hamsin yana jefa birgi
kafin kacala ta shaƙe masa kogi,
ya leƙa, ya tsotsi haƙori:
"Yau ga kifi a gidan yari."

Sati na bakwai suka ƙi abinci.
Ruwa ba ya tsami banza.
Wani fari-fari, kamar auduga,
ya tsiro musu a gindin gashin baki.
Suna goga ciki da bango,
wasu sun miƙe tsaye, kai a sama,
kamar masu jiran a kira sunansu a asibiti.

Malamin gona, Ɗayyabu, ya zo a babur.
Ya ce gishiri.
Ba kanwa ba, ba na leda mai haɗi ba,
garari, na buhu.
Gwangwanin madara ɗaya, a shafe bakinsa,
ga kowace jarka goma ta ruwa.
A narka tukuna. A zuba a hankali.
Ya maimaita "a hankali" yana tada babur.

Na yi yadda ya ce, da la'asar.
Da isha na haska: ba abin da ya sake.
Sai zuciya ta raɗa mini lissafinta,
in cokali magani ne, ai ludayi ya fi.
Na ɗauko tiya guda,
na watsa kamar mai shukar riɗi.

Ruwan ya tafasa ba wuta.
Bulala ɗari huɗu suna dukan siminti,
yauƙi ya taso, kumfa ta rufe fuskar wata.
Kifi ba shi da murya, haka ake cewa.
Ni dai na ji.

Baba ya fito, zani a kafaɗa, tocila a hannu.
Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.
Ya tsoma yatsa, ya lasa, ya tofar.
"Tabawa, karfasa tana da sulke.
Wannan tsirara Allah ya yi ta.
Da fata take ji, da fata take ɗanɗano.
Kakanninta laka suka sani, ba teku ba.
Kin taɓa taka gishiri da faso?"

Muka zare toshiya.
Ni da ƙanena Tanimu, tsakanin tuƙa-tuƙa da tanki,
jarka, jarka, jarka,
har kafaɗa ta daina zama tawa,
har ladan ya yi gyaran murya.

Talatin da ɗaya suka juya farin ciki sama.
Dubi wannan magana: farin ciki.
Na jera su a faifai ina ƙirga kuɗin albasa.

Da hantsi na feɗe su, na naɗe, baki da wutsiya,
na shafa musu gishiri,
shi dai, na buhun nan,
na ɗora a kan waya, hayaƙi ya yi sauran.
Abin da ya kashe su
shi zai hana su ruɓa kafin ranar kasuwa.

Sauran kuwa, kwana huɗu,
audugar ta kakkaɓe, miki ya kame,
suka dawo suna wawason abinci
ba wadda ta tuna da ni.

Yanzu gwangwanin yana rataye a ƙusa.
Ina shafe bakinsa da tsinke, sau biyu.
Har a tukunya hannuna ya koyi tsoro.
Jiya Baba ya kai lomar farko,
ya tauna, ya dube ni:
"Tabawa, miyar nan lami.
Mu ai ba tarwaɗa ba ne."